Wanda ya san nahawu, shin ya iya magana ke nan?

'Yar Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ɗaliba ce, ina aji biyu a karatun NCE a nan Katsina, Hausa nake karanta. Jarrabawar kimiyyar harshe ta matso, kuma akwai wurin da ya ƙi shiga kaina. A takardar da aka raba mana an ce akwai "sanin harshe" na Chomsky, akwai kuma "ƙwarewar sadarwa" ta Hymes, wai na biyun martani ne ga na farkon. Na haddace su tsaf, in an ce in kawo zan kawo, amma in an ce in ba da misali da Hausa, nan zan tsaya ina zare ido, don duk misalan takardar na Turanci ne. Ni a ganina wanda ya san harshe ai ya iya sadarwa da shi. Mene ne na raba su gida biyu?

Sai nau'o'in zance. An ba mu huɗu: labari, siffantawa, bayani da muhawara. Su ke nan? To ina za a saka wa'azi, ko ciniki, ko habaicin da mata ke yi a tsakar gida?

Akwai kuma wata da ba ta shafi jarrabawa ba. Zangon gaba za mu fita koyarwar gwaji. Wata da ta riga mu zuwa ta ce yara za su rubuta mini "zamna" da "amre", in sa musu jan biro kawai. Ni kuwa a gidanmu haka muke faɗa, har kakata. Kuskure ne muke yi tun fil azal? Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Tsohon Malami, Rafindaɗi:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Bari in ɗauki ta farko, don ita ta fi tsaya mini a rai. Sauran akwai masu sabon karatu a nan, su ji da su.

Noam Chomsky Ba'amurke ne. A littafinsa na 1965 ya raba abu biyu: abin da mutum ya sani na harshensa a cikin kansa, da abin da ke fitowa daga bakinsa in ya tashi magana. Na farkon ne ya dame shi. Ki samu yaro ɗan shekara biyar a unguwarku, wanda ko firamare bai shiga ba, ki ce masa "Audu ta tafi kasuwa". Dariya zai yi miki. Ki ce masa "yara ne sun zo", zai ji abin banbaraƙwai, don shi ya san "yara ne suka zo" ake cewa. Ba zai iya gaya miki dalili ba, ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa, amma ya sani. Kuma kullum yana haɗa jimlolin da bai taɓa jin wani ya faɗa ba. Wannan shi ne sanin harshe a wurin Chomsky. Tuntuɓen harshe, in-ina, mantuwa, mutum ya fara jimla ya bar ta ya kama wata, duk waɗannan ya ture su gefe. Ya ce nazarinsa na kan mai magana cikakke ne, a cikin al'ummar da kowa bakinsa ɗaya.

Sai ga Dell Hymes, shi ma Ba'amurke, amma shi ta ƙofar nazarin al'adu ya shigo, ya daɗe yana aiki a kan harsunan 'yan asalin Amurka. A 1966 ya gabatar da wata takarda a wurin taro, aka buga ta sosai a 1972. Abin da ya ce shi ne, yaro ba haɗa jimla kaɗai yake koyo ba. Yana koyon yaushe ake magana, yaushe ake shiru, da wa, a kan me, a ina, kuma ta wace hanya. Ya ce akwai ƙa'idojin amfani da harshe waɗanda in babu su, ƙa'idojin nahawu ba su tsinana komai.

Kin ce misali kike so. Lokacin da nake koyarwa a wata sakandare a kan hanyar Jibiya, an turo mana wani ɗan bautar ƙasa daga kudu. Yaro ne mai ƙwazo, kullum da littafin nahawu da ƙaramin ƙamus a aljihu, kafin damina ta faɗi ya daina sa "ya" a wurin "ta". Sai mahaifin maigadinmu ya rasu, muka ɗunguma ta'aziyya har da shi. Kin san yadda abin yake, ko da yake ke ta cikin gida kika sani. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, takalma jere a gefe, ga buta, ga dattawa sun jingina da bango suna jan tasbaha. Wanda ya zo ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ya tsuguna, a yi addu'a a shafa, ya ce ya aka ji da haƙuri, Allah ya jiƙan rai, Allah ya sa ya huta. Daga nan ya nemi gefe ya zauna ya yi shiru. Shi kuwa ɗan namu yana tsaye ƙiƙam ya miƙa wa maigadi hannu, ya ce da murya sama: "Barka da hutawa. Na ji babanka ya mutu. Me ya kashe shi?"

Ki ɗauki jimlolin nan uku ki kai su aji ki feɗe. Ba za ki sami aibi ko ɗaya ba, lamirin suna daidai, lokaci daidai, jinsi daidai. Amma ba a kai "barka" gidan makoki. Ba a ce wa ɗa babansa ya mutu, sai dai ya rasu, ko Allah ya yi masa rasuwa, ko ya riga mu gidan gaskiya. "Me ya kashe shi" kuwa, a kunnen Bahaushe kusan tuhuma ce, in ma tambaya ta kama, sai a ce "ya yi jinya ne?" Tsayuwar da ya yi a kan dattawa ita ma magana ce, haka ɗaga muryar. Maigadi ya sunkuyar da kai ya ce, "Lokaci ne ya yi." Abin da ya fi ba yaron wahala shi ne zaman shirun da ya biyo baya. Sai motsi yake, yana neman abin da zai faɗa ya cike wurin, bai san shirun yana cikin ta'aziyyar ba. Ba wanda ya ji haushinsa, baƙo ne. Da ɗan gari ne ya yi haka, ba wanda zai ce bai san nahawu ba; cewa za a yi ba shi da tarbiyya, kuma har gidansu zancen zai kai.

To wannan giɓin da ke tsakanin jimla mai kyau da magana mai kyau, shi Hymes yake nufi. Ya ce a yi wa kowace magana tambaya huɗu. Nahawu ya yarda da ita? Ƙwaƙwalwa na iya ɗaukarta, ko ta yi tsawo da sarƙaƙiyar da mai ji zai ɓata a hanya? Ta dace da wurin? Sannan, ana faɗarta kuwa a zahiri? Ta ƙarshen nan ɗalibai suka fi mantawa. Ki je asibiti ki tarar da mutum ko zama ba ya iyawa, ki ce ya jiki, zai ce da sauƙi. "Jiki ya tsananta" jimla ce lafiyayya, amma ba ita ake faɗa ba. Haka in an ce ina gajiya, ba gajiya, ko da daga noman huɗa ka dawo.

Daga baya wasu malamai biyu a Kanada, Michael Canale da Merrill Swain, suka ɗauki ra'ayin suka yayyanka shi don masu koyar da harshe, a 1980. Akwai ƙwarewar nahawu, ita ce ɗan bautar ƙasar nan yake da ita. Akwai ta sanin dacewa da jama'a, wadda ya rasa. Ita ce ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, ke sa mace ta ce Malam ko Alhaji ko maigidan, ke sa ka ce ranka ya daɗe a Ƙofar Soro ba sannu ba. Ita ce kuma ke sa Banufe ya ce wa Bakatsine bawansa a yi dariya, alhali in wani ya faɗa sai an raba su. Akwai ta dabara, wato yadda za ka fid da kanka in kalma ta ɓace maka: "miƙo mini abin nan, na ɗaure buhu", ko ka ce na'am don a maimaita, ko ka nuna da hannu. Akwai kuma ta ƙulla zance ya zama abu guda mai kai da gindi. Wannan na sha fama da ita a insha'in yara: shafi guda cur, sai muka tafi, sai muka zo, sai muka ga, kowace jimla lafiya lau, amma ka gama karantawa ba ka san inda aka dosa ba.

Ra'ayina, kuma na daɗe da shi: a makarantunmu kashi na farko muke koyarwa mu yi jarrabawa a kansa, sauran mun bar wa gida da zaure. Da can gida da zaure suna yin aikin. Yanzu yaro na iya gama sakandare bai taɓa zama an aike shi gaban dattijo da saƙon baki ba, komai ta waya. In kin shiga aji, ki ware ko minti goma ne ki sa biyu su fito, ɗaya ya zo biko, ko ya zo neman aron kuɗi wurin kawunsa. Za ki ga abin mamaki.

Ɗan Kusugu:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, mun ƙaru. Ni ba malami ba ne, na dai yi difloma a nan Daura kafin in koma kara wurin mahaifina, amma ƙanwata bari in tofa a kan tambayarki ta biyu.

Huɗun nan da aka ba ku, asalinsu rabon insha'i ne, na rubutu. Ki riƙe su don jarrabawa: labari yana bin abin da ya faru daki-daki, siffantawa tana zana kama, bayani yana fayyace yadda abu yake ko yadda ake yinsa, muhawara tana neman ta jawo ka ga wani ra'ayi. Amma ba a cika samun ɗaya zalla ba. Ki saurari mai wa'azi a watan azumi: zai kawo ƙissa, ya siffanta wuta har jikinki ya yi sanyi, ya yi bayanin hukunci, ya rufe da kafa hujja. Duka huɗun a zama guda. Shi ya sa wasu ke raba zance ta wata fuskar, na baka da na rubutu, na mutum ɗaya da na musaya, na fada da na dandali.

Mu kuwa muna da namu rabon tun kafin boko, kowanne da sunansa da ƙofar shigarsa. In kin ji "ga ta nan ga ta nanku", kin san ba za a tambayi mai maganar hujja ba, kuma sai an ce ƙurunƙus za a tashi. Kirari daban, zambo daban, shela daban, huɗuba daban.

Ciniki da kika ambata, ki zo kasuwar Mai'aduwa ki ga tsari. Mai saye ba ya fara da nawa ne, sai an gaisa. Ya zagaya sa, ya taɓa tozo, ya buɗe baki ya duba haƙora, ya ɗan kushe ko da ya yi masa. Dillali ya ce taya. Ya taya. In bai kai ba a ce albarka, ba a cewa a'a, ba a cewa ka raina mini dabba. A yi ta ja har mai dabba ya ce na sallama. Daga wannan kalma sa ya tashi daga hannu ya koma wani hannu, ko da ba a ƙirga ko sisi ba tukuna, saura biya da la'ada. Wanda ya janye bayan ya sallama, sunansa ya ɓaci a kara. A difloma an gaya mana wani Bature ɗan Ingila, J. L. Austin, wanda aka buga laccocinsa a 1962, ya yi magana a kan irin wannan: akwai furucin da ba labari yake bayarwa ba, aiki yake aikatawa. Da na ji sai na ce ai mu kullum a ciki muke. Waliyyi ya ce na ba shi, wakili ya ce na karɓa masa, shaidu sun ji, aure ya ɗauru. Miji ya ce na sake ki, kin san abin da ya faru. Amma sai daga bakin wanda ya isa. Ni in na ce na sallama san wani, iska ce.

Wani abu kuma, mu da ke bakin iyaka: in mutumin Nijar ya ce jaka, sefa dubu yake nufi, mu kuwa a tsohon lissafinmu jaka naira 200 ce. Dillalin da bai fara tantance da wane kuɗi ake magana ba, zai haɗa faɗa.

Mai Nazarin Karin Harshe:

Gaisuwa ga Baba Malam. Ƙaramin ƙari a kan bayaninsa, don ƙanwarmu jarrabawa za ta shiga: a takardar 1980 kashi uku Canale da Swain suka kawo, nahawu da dacewa da dabara. Canale ne shi kaɗai ya ware ta ƙulla zance ta zama ta huɗu a 1983. Masu gyaran takarda suna son wannan.

Kuma kada ki rubuta cewa Hymes ya ƙaryata Chomsky. Bai ce yaron nan bai san "suka" da "sun" ba, cewa ya yi sanin bai tsaya nan ba. Raba abin da ke cikin kai da abin da ke fita a baki ma ya girmi su biyun. Ferdinand de Saussure, malami a Janeba, ya riga ya bambanta harshe a matsayin tsarin da al'umma ta yi tarayya a kai, da furucin mutum ɗaya. Ya rasu a 1913, aka tattara darussansa aka buga a 1916.

Rassan kimiyyar harshe da za a tambaye ki, ki riƙe kowanne da misali ɗaya, ya fi haddar ma'ana. A tsarin sauti: kafa da ƙafa, sauti ɗaya ya raba su, don haka k da ƙ ƙwayoyin sauti ne mabambanta. Garin da ake zama da garin tuwo, tsawon wasali ne. Kukan yaro da kukar miya, karin sauti ne, kuma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna waɗannan biyun. A ƙirar kalma: Bakatsine, Bakatsiniya, Katsinawa, ko ma- da ke cikin maɗinki da mabuɗi da makaranta. Ginin jimla Baba ya riga ya ba ki. Ilimin ma'ana ya tsaya kan abin da kalma da jimla ke nufi. Abin da mai magana ke nufi da su a wani wuri kuwa, wani reshe ne. Nan habaicinki ya faɗo. Mace tana shara ta ce wa kaza "ci kawai kika iya", kishiya na zaune a ƙofar ɗaki. Jimlar ta kaza ce, saƙon ba nata ba ne, kuma in an tanka ta ce ita da kazarta take. Paul Grice ya yi bayanin yadda mai ji ke haƙo irin wannan nufi a 1975.

Yanzu zamna da amre, wanda shi ne fagena. Ba kuskure ba ne, kuma kakarki ba ta ɓata Hausa ba. Su ne ma tsofaffin siffofin. Wani Bajamushe, August Klingenheben, ya nuna a 1928 cewa wasu baƙaƙe in sun zo ƙarshen gaɓa suna raunana su koma u. A Hausar gabas, irin ta Kano, abin ya shafi baƙaƙen leɓe: zamna ta koma zauna, amre ta koma aure, sabka ta koma sauka, abduga ta koma auduga. Hausar yamma, Katsina da Sakkwato, ta riƙe na da. Shaida tana cikin Daidaitacciyar Hausa kanta. Me ya sa ake cewa zauna amma zama? Aure amma amarya? Saurayi amma samari? Wannan m ɗin ita ce ta asali, ta tsira a inda ba ta zo ƙarshen gaɓa ba. An gina daidaitacciya a kan Kananci ne don a sami abin rubutu guda, na littattafai da jarida irin Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a Zariya a 1939. Zaɓi ne aka yi, ba don wani kari ya fi wani inganci ba. Ni da za a bi tawa, ko jan biro ba za a sa ba.

'Yar Ƙofar Marusa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Saurayi da samarin nan har na je na gaya wa kakata, ta ce ita dama ta san Kanawa ne suka karkatar da baki. Amma Yaya, in ban sa jan biro ba, ranar jarrabawar fita wani zai sa musu. Baba, ya kuke yi a lokacinku?

Tsohon Malami, Rafindaɗi:

Na karɓi ƙarin 1983, Allah ya yi albarka. Amma a kan biro ban bi ki duka ba, Malama Mai Nazarin Karin Harshe. Mai gyaran takardar WAEC ko NECO daidaitacciya aka ba shi ya auna da ita, ba zai tambayi garin yaro ba.

Ga yadda nake yi, ɗiyata. A insha'i da wasiƙar neman aiki, in yaro ya rubuta zamna, ina ja masa layi a ƙasa in rubuta zauna a sama, ban rage maki a zangon farko ba, daga na biyu nake ragewa. Kalmar "kuskure" ce ban taɓa bari ta fito daga bakina a kan wannan ba. Ina raba allo biyu, gefe ɗaya in rubuta "ta gida", ɗaya gefen "ta takarda", su da kansu suke cikawa, hwari da fari, ɗiya da 'ya, mi da me. Har gasa suke yi. In kuma wasan kwaikwayo na sa su rubuta, ko tatsuniyar da suka ji a bakin tsohuwa, to nan wanda ya sa wa tsohuwar Katsina "zauna" a baki shi nake ja wa layi.

Ki tambayi malamin da za a haɗa ki da shi tun ranar farko yadda yake yi, kada yara su ji baki biyu a aji ɗaya. Ki kuma je da alli naki, ba kowace makaranta ke bayarwa ba.